Sauran guzuri: kada a biya ƴan canji sau biyu

Matafiyin da ya komo gida da sauran kuɗin wata ƙasa, in ya sake canza su, ƴan canji sun ci ribarsa sau biyu: ran tafiya da ran komowa. Saboda haka a duba irin kuɗin tukuna. Yuro ba ya motsi gaban sefa, tun 1999 kusan tamma 656 yake; a adana shi sai wata tafiya. Naira kuwa ta faɗi ƙwarai a 2023, gara a kashe ta tun a Kano. Sefar Cadi da Kamaru darajarta ɗaya da tamu, amma ba a karɓarta a kasuwar Maraɗi. Kuɗin ƙarfe kuma banki ba ya sayensu; alhaji ya sayi dabino da su kafin ya baro Jidda.