Ƙwayar Cutar Da Ta Gagari Magani A Gidajen Tsofaffi

 Yau filin namu zai leƙa ƙasashen Turawa ne, domin mu ga wata matsala da ta addabi masu jiyyar tsofaffi a can, wadda kuma ke da darasi ga kowace mace da ke da tsoho ko tsohuwa a kwance a gida.

A Amurka da Ingila, idan mutum ya tsufa har ya kasa ɗawainiyar kansa, akan kai shi wani gida na musamman inda ma'aikata, galibinsu mata, ke yi masa wanka, su ba shi abinci, su juya shi a gado. A Amurka kaɗai akwai irin waɗannan gidaje wajen 15,000, masu zama cikinsu kuwa sun haura miliyan ɗaya. To, a cikin gidajen nan ne wata ƙwayar cuta ta sami wurin zama. Likitoci suna kiranta MRSA.

Asalin ƙwayar ba baƙuwa ba ce gare mu. Sunanta sitafilokokus, ita ce mai kawo maruru da yawancin ƙurajen da ke tara mugunya. Misalin mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a hancinsa, yana harkokinsa lafiya lau. Ba ta yin ɓarna sai ta sami ƙofa, watau yanka ko gyambo ko wurin tiyata. In ta shiga jini tana iya kama huhu, ko ƙashi, ko zuciya. A 2017 mutane fiye da 119,000 ne ta shiga jininsu a Amurka, kusan 20,000 daga cikinsu suka rasu.

A kan wannan ƙwaya ce Alexander Fleming yake bincike a Landan a 1928 lokacin da ya gano fenisilin. Da aka fara yi wa mutane allurarsa, sai aka zaci an gama da ita. Ashe da sauran aiki. Shi kansa Fleming ya yi gargaɗi a 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa, kuma haka ɗin ya faru. Da fenisilin ya fara kasawa, sai aka ƙago wani sabo mai suna metisilin a 1959. Ba a yi nisa ba, a 1961 wata mace masaniyar ƙwayoyin cuta a Landan, Patricia Jevons, ta ba da labarin ta sami sitafilokokus wadda shi ma bai kashe ta. Wannan jinsi mai taurin kai shi ne MRSA. In ta yi tsanani, sau da yawa sai an kwantar da mutum an riƙa ɗura masa wani magani mai ƙarfi, bankomaisin, ta jijiya.

Me ya sa ta fi samun gindin zama a gidajen tsofaffi? Da farko, fatar tsoho ta yi laushi, ba ta da wuyar tsagewa, wanda ya daɗe kwance ta gefe guda kuwa gyambo kan fito masa a ƙugu ko diddige. Ga masu ciwon sukari, ga waɗanda aka sa wa robar fitsari. Duk waɗannan ƙofofi ne a buɗe. Na biyu, tsofaffin nan kullum suna tsakanin asibiti da gida, su ɗauko ƙwayar can su dawo da ita nan ba tare da wata alama ba. Na uku, ana yawan ba su magungunan kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda ke share masu rauni su bar wa mai taurin kai fili. Sa'an nan ga babban dalili: ma'aikaciya ɗaya ce ke yi wa wannan wanka, ta sāke wa wancan zanen gado, ta wanke wa waccan gyambo. Ƙwayar ba ta da ƙafa. Hannun mai jiyya da rigarta da tawul su ne abin hawanta.

Abin daɗi shi ne, ta nan ɗin aka fi cin galaba a kanta. A Ingila an tilasta wa asibitoci ƙidaya waɗanda MRSA ta shiga jininsu tun 2001, aka kuma fara yaƙin wanke hannu a 2004. Daga mutum fiye da 7,000 a shekara, adadin ya sauko ƙasa da 1,000 cikin shekara goma sha. A jihar Kalifoniya kuma an yi gwaji a gidajen tsofaffi 28, aka buga sakamakonsa a 2023. A rabin gidajen an riƙa yi wa tsofaffi wanka da sabulun asibiti mai suna kuloheksidin, ana shafa musu wani irin aidin na musamman a hanci. A gidajen nan an sami ragowar masu ɗauke da ƙwayoyi masu taurin kai, da kuma ragowar waɗanda ake kwasa zuwa asibiti. Kun ga dai ba sabon magani ne ya yi wannan aiki ba, wanka ne.

Kada uwargida ta ce wannan matsalar Turawa ce. Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya nuna MRSA ta kashe mutane fiye da 100,000 a duniya a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina yawan mace-mace daga ƙwayoyin da suka gagari magani, in an gwada da yawan jama'a. Mu namu tsofaffin suna ɗakunanmu, aikin da ma'aikatan can ke yi kuwa a hannunmu yake.

Saboda haka, uwargida, ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa gyambon Inna ko Baba, da kuma bayan kin gama. Ki rufe gyambon da bandeji mai tsabta. Ki ware wa majiyyaci tawul da soso da reza nasa. Ki juya shi kamar kowace awa biyu, ki shanya zanen gadonsa ya bushe sarai. Kada ki matse maruru. Kada ki aika yaro kemis ya sayo kafso biyu ko uku, balle a fasa a barbaɗa a kan miki. In likita ya rubuta magani, a sha shi yadda ya faɗa. In kin ga ƙurji ya kumbura, wurin ya yi zafi, ga zazzaɓi, ko tsoho ya fara ruɗewa, to, a nufi asibiti ran nan, a kuma gaya wa likita duk maganin da aka riga aka sha.

Hausawa sun ce riga-kafi ya fi magani, balle inda maganin ya fara kasawa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa.