Kafin Ƙuduri Ya Zama Doka, Wa Ke Kallo?

A 1957 majalisar dokokin Sudan, wadda take zama a Khartoum a zamanin Firaminista Abdallah Khalil, ta zartar da dokar zama ɗan ƙasa. A cikinta akwai kwanan wata guda: 31 ga Disamba 1897. Wanda shi ko kakanninsa na wajen uba ba su zauna a ƙasar tun daga wannan rana ba, ba ya cikin 'yan asali. To, jama'ar da suka yi hijira daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda suka kafa Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu, ai bayan ranar suka iso. Layi ɗaya tak ya jefa 'ya'ya da jikoki cikin wahalar neman takarda shekara da shekaru.

Shi ya sa ya kamata talaka ya san hanyar da doka take bi. A tsarin firaminista, wanda Sudan ta gada daga Ingila kamar yadda Nijeriya ta yi a zamanin Tafawa Ɓalewa, gwamnati daga cikin majalisa take fitowa. Jam'iyyar da ta fi kujeru, ko haɗakar jam'iyyu, ita ke ba da firaminista da ministoci, kuma su ne ke kawo mafi yawan ƙudurori. Karatun farko sanarwa ce kawai, a ambaci sunan ƙuduri a wuce. A karatu na biyu ake muhawara kan manufarsa, nan ne ake ɗaga murya, nan ne 'yan jarida ke cika wuri. Daga nan sai kwamiti, inda ake bin sashe bayan sashe, a cire kalma a sa wata, a canza adadi, a rubuta shekara. Wannan shi ne matakin da jama'a suka fi sakaci da shi, alhali a nan ake yanka ko a raba. In an gama, a kaɗa ƙuri'ar ƙarshe, a kai wa majalisa ta biyu in akwai, sannan shugaban ƙasa ya sa hannu, a buga a jaridar gwamnati.

Amfanin tsarin shi ne gwamnati ba ta da tabbacin kwana. Majalisar Sudan ta kayar da Firaminista Isma'il al-Azhari a 1956, ta kayar da Muhammad Ahmad Mahjub a 1966, shekara ta zagayo ta yi wa Sadik al-Mahdi haka. Amma kada a ruɗe. Tunda masu rinjaye su ne gwamnati, idan suka haɗa baki babu mai taka musu birki cikin zauren. A ƙarshen 1965 majalisa ta gyara tsarin mulki cikin gaggawa, ta haramta Jam'iyyar Kwaminis, ta kori wakilanta waɗanda jama'a suka zaɓa. Kotu ta ce matakin ya saɓa wa tsarin mulki, gwamnati ta yi kunnen uwar shegu, har babban alƙalin ƙasa Babikir Awadallah ya ajiye aiki a 1967. Ko mutum ba ya ƙaunar kwaminisanci, ya lura: Awadallah ɗin ne ya zama firaminista bayan Ja'afar Numairi ya yi juyin mulki ya rushe majalisar a watan Mayun 1969.

Sau uku Sudan ta gwada wannan tsari, sau uku soja suka datse shi, a 1958 da 1969 da 1989. Daga nan doka ta kan koma umarnin mutum ɗaya. Dokokin Satumba na 1983 Numairi ne ya shelanta su da kansa. Ko tsarin mulkin 2005, wanda ya ba shugaba kwana 30 ya sa hannu kan ƙuduri, ya bar masa ƙofar fitar da dokar wucin gadi idan majalisa tana hutu. Mai hankali ya riƙa tambaya: me ya sa ba a jira wakilai sun dawo ba?

Halin da aka shiga daga baya ya fi wannan muni. Tun faɗuwar Shugaba Umar al-Bashir a Afrilun 2019 aka rushe majalisar da ke zama a babban gininta na Omdurman. Takardar tsarin mulkin riƙon ƙwarya ta waccan shekara ta yi alkawarin majalisa mai wakilai har 300, kashi 40 cikin ɗari mata, cikin kwana 90. Ba a kafa ta ba. Majalisar Ƙoli ta riƙon ƙwarya da majalisar ministoci suka riƙa zama tare suna yin doka, har da gyare-gyaren Yulin 2020 da suka haramta kaciyar mata suka kuma soke hukuncin ridda. Wasu sun yi murna, wasu sun fita zanga-zanga daga masallatai, amma duka ɓangarorin biyu babu wanda yake da wakilin da zai riƙe wa wuya ya tambaye shi yadda ya kaɗa ƙuri'a. Juyin mulkin Oktoban 2021 ya zo, yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu 2023, majalisar tana nan a takarda.