Sauya Suna a Takardun Hukuma Bayan Aure

Lalle babu wata doka a Najeriya da ta wajabta wa mace ta ajiye sunan mahaifinta ta ɗauki na mijinta domin ta yi aure, ɗabi'a ce da ta shigo mana tare da Turawa, kuma da yawa daga cikin malamanmu suna ƙinta, suna kafa hujja da ayar Suratul Ahzabi wadda ta yi umarni da jingina ɗa ga ubansa, saboda kiyaye nasaba.

Amma wadda ta ga maslaharta a sauyawar, farkon abin da ya hau kanta shi ne ta tafi Babbar Kotu da takardar shaidar ɗaurin aure, ta yi rantsuwa a rubuce, sa'an nan ta buga sanarwa a jaridar ƙasa, ɗan akwatin nan mai layi huɗu ko biyar inda ake ambaton tsohon suna da sabo, a tabbatar cewa takardun baya suna nan da ingancinsu. Da waɗannan za ta nufi hukumar NIMC a gyara mata bayanan lambarta ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kuma hikima ita ce ta fara da nan, domin banki da ofishin fasfo duka da NIN suke gwada sunanta, harafi guda in ya saɓa, ko Aisha ya koma A'ishatu, sai al'amari ya tsaya cik.

Takardun makaranta kuwa, galibi ba a taɓa su, sai dai ta riƙa haɗa su da takardar rantsuwar duk inda aka nema.