Ɗakin Kara: Karan Dawa Ko Karar Mutunci?

Gardama ce ta kaure a ajinmu ranar Talata a kan kirarin nan da kowa ya sani, "Katsina ta Dikko ɗakin kara". Shi ya sa muka ce bari mu bincika mu kawo muku.

Mu fara da Dikko. Shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Daga kansa sarauta ta koma gidan Sulluɓawa. Ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi, sai Muhammadu Kabir Usman a 1981, sai Abdulmumini Kabir Usman a 2008. Ke nan kirarin na gari ne, kuma na gida guda ne. Wasu tsofaffi har yanzu "ta Korau" suke cewa, suna nufin Muhammadu Korau, sarkin Haɓe na can da. Sunan sarki ya canza, amma ɗakin kara yana nan.

To wane kara? A nan aka rabu biyu. Wasu suka ce ai karan dawa ne, irin wanda muke yin danga da shi bayan girbi. Wani ma ya ce idan haka ne ba yabo ba ne, gori ne, tunda ɗakin kara ko akuya tana iya ture shi. Aka yi ta dariya.

Malamin Hausa ya raba mu. Ya ce a rubuce kalmar ɗaya ce, amma a baki biyu ce. Karan dawa namiji ne, shi ya sa muke cewa "karan ya bushe". Ɗayar kuwa mace ce: "karar da ya yi mini". Wannan ita ce ka bar wa baƙo shimfiɗarka, ko ka ga mutum ya yi kuskure ka kau da kai don kada ya ji kunya. Ita ake nufi. Ko lambar motocin jiharmu, abin da aka rubuta da Turanci ma'anarsa gidan karɓar baƙi. Ya ƙara mana da cewa a ƙasar Ayilan, maƙwabciyar Ingila, manyan gidaje suna da take da harshensu. Na gidan O'Brien ma'anarsa hannu mai ƙarfi shi ne a sama. Su da ƙarfi suke tinƙaho, mu da kara.

Mun san wani zai ce mu Rumawa da jarunta aka san mu, jikokin su Ɗanwaire, ina ruwanmu da kara? Ai kara ba tsoro ba ce. Mai ƙarfi ne ke yin ta, don wanda ba shi da yadda zai yi, dole ce ta sa shi.

Abin da ya dame mu shi ne, tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukan bakin dajin Rugu, yara da yawa sun dawo Batsari da Safana, wasu suna zaune tare da mu a aji. Mun ji ana kiran su "'yan gudu". Mun ga wanda aka hana benci, ya zauna a ƙasa tun daga darasin farko har aka buga ƙararrawar tara. Mu ma muna wurin, ba mu ce komai ba.

Kulob ɗinmu ya ajiye kwali a ofishin malamin Hausa. Mai tsohon littafi, biro ko rigar makaranta da ta yi masa kaɗan, ya kai can kafin Juma'a. Ba za a rubuta sunan wanda ya karɓa ba.