Wutar Batir Ba Ta Jan Mutum, Amma Tana Ƙona Mota

Motar kwana ƙaramar bas ce da aka mayar da cikinta ɗaki, da gado da wurin girki, domin matafiya su kwana duk inda dare ya riske su. Fitacciya a cikinsu ita ce Kombi ta Volkswagen, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1950, kuma da yake irin waɗannan motoci sun kwana biyu, masu su kan ƙara musu fitilu da fanka da firji da batir na biyu da hannunsu.

Abin takaici shi ne yadda da yawa ke shiga wannan aiki da tunanin cewa wutar batir, tunda bolt 12 ce kuma ba ta jan mutum, ba abin tsoro ba ce. Wannan kuskure ne babba, domin bolt ƙarfin turin wuta ne, ampiya kuwa yawan wutar da ke bin waya, kuma ita ce ke sa waya zafi. Firji mai wat 60 yana jan ampiya 5 daga batir, alhali a wutar gida mai bolt 230 kusan rubu'in ampiya ya ishe shi. Idan kuma waya ta goge ta taɓa ƙarfen mota, batir na iya sako ɗaruruwan ampiya nan take, wayar ta yi jajir, robarta ta narke, labule da katifa su kama.

Maganin wannan shi ne fis, wato siririn ƙarfen da aka yi domin ya narke kafin waya ta ƙone. Wanda ya naɗa waya ko takardar kwalin sigari a gurbin fis, al'adar da ba baƙuwa ba ce a garejojin ƙasar Hausa, ganganci ya yi da ran duk mai kwana a motar, komai sunan dabarar da ya ba abin.

Saboda haka wajibi ne a cire kan batir na negatif kafin a taɓa kowace waya, a sa wa duk sabon layi fis dab da kan batir na fozitif, a kuma zaɓi waya mai kaurin da zai ɗauki wutar. Fis ɗin da ya ƙone da irinsa ake musanya shi. A tsoffin motocin Volkswagen farin fis ampiya 8 ne, ja kuwa 16. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, kuma idan fis ya ci gaba da ƙonewa, laifin yana jikin waya ko na'ura, sai a neme shi ko a kira rewaya. Tsohon tiyon fetur da yoyon gas su ma suna haddasa gobara, don haka kada motar ta rabu da tukunyar kashe wuta.