Me Matasanmu Ke Gani a Wahalar Jaruman Anime?

A lokacin yajin aikin malaman jami'a na shekarar 2022, wanda ya shafe wata takwas, ɗan wana ya zauna a gidana. Kusan kullum na dawo daga aiki sai in tarar ya duƙufa kan waya yana kallon fina-finan zane na ƙasar Japan da ake kira anime. Wata rana na ce masa, ƙato da kai, ɗalibin jami'a, ka ɓige da kallon katun na yara? Sai ya ce, "Baffa, zauna ka ga wahalar da mutumin nan ke sha, sannan ka gaya mini ko na yara ne."

Na zauna. Sunan jarumin Guts, daga labarin Berserk wanda Kentaro Miura ya fara zanawa a 1989, ya kuma rasu a 2021 bai kammala shi ba. An tsinci Guts yana jariri a ƙarƙashin gawar mahaifiyarsa da aka rataye, ya tashi a hannun sojojin haya. Da ya girma, amininsa Griffith ya sadaukar da rundunarsu domin neman mulki, Guts ya rasa ido ɗaya da hannu ɗaya, aka kuma bar masa tambari a wuya wanda ke jawo masa miyagun halittu kowane dare. Duk da haka gari na wayewa sai ya saɓi takobinsa ya ci gaba da tafiya.

Daga baya na gane irinsa suna da yawa. Naruto maraya ne da mutanen garinsu suka ƙyamata saboda dodon da aka kulle a cikinsa. Tanjiro na Demon Slayer mai sayar da gawayi ne da ya dawo gida ya tarar an kashe iyalinsa, ƙanwarsa kaɗai ta tsira, ita ma ta rikiɗe ta zama aljana, ya riƙa goya ta cikin akwati yana nema mata magani.

Wannan salo yana da tushe a tarihin Japanawa. Suna da kalmar gaman, wato danne zuciya a jure ba tare da ƙorafi ba. Keiji Nakazawa yana ɗan shekara shida aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, ya rasa mahaifinsa da yayarsa da ƙanensa. A 1973 ya fara zana labarin yaro Gen, wanda ya rayu cikin tokar birnin. Al'ummar da ta ga irin wannan ba za ta gamsu da jarumin da ba ya zubar da jini ba.

Ina ganin abin da ke jan matashi shi ne jarumin yana jin zafi kamar kowa. Yana kuka, yana faɗuwa, ana cin amanarsa. Ɗalibin da ya yi watanni a gida bai san ranar komawa makaranta ba, ko wanda ya gama karatu yana yawo da takardu, ya fi ganin kansa a wannan jarumi fiye da wanda harsashi ba ya huda shi. Mu ma mun taso muna jin cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa.

Sai dai akwai abin tsoro. Matashi na iya ɗauka cewa jarumta ita ce shan wahala shiru, kar kowa ya ji. Japan kanta ta ɗanɗana illar hakan, domin mutuwa saboda yawan aiki ta kai har suna gare ta, karoshi, kuma a 2014 sai da aka yi doka don magance ta. A wajenmu ma sau nawa ake rufe bakin mai ciwon damuwa da "yi haƙuri" maimakon a saurare shi?

Wanda ya bi labaran nan da kyau zai ga ba haka suka koyar ba. Shekarun da Guts ya yi shi kaɗai yana neman fansa sun kusa mayar da shi dabba, bai fara dawowa hayyacinsa ba sai da ya yarda wasu su yi tafiya tare da shi. Naruto kuwa ya fara miƙewa ne ranar da malaminsa Iruka ya tare masa makami da bayansa, ya nuna masa cewa shi ma mutum ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka na daina yi wa ɗan wana gorin kallon katun. Na koma tambayarsa wane jarumi ya fi so, da kuma dalili. A cikin amsarsa ne na fara jin irin damuwar da zaman gida ya jefa shi, wadda bai taɓa furta mini ba. Ina kira ga iyaye da malamai su gwada yin wannan tambaya, su kuma tsaya su ji amsar.