Ma'aikaciyar Gwamnatin Da Ba A Taɓa Kayar Da Ita Ba A Doguwar Gasar Wasa Uku

Ran 8 ga watan Oktoba na shekarar 1911 ba ta cikin lissafi, domin a wancan zamani ba a san wannan wasa ba. Amma shekara ɗari cif bayan nan, wato ran 8 ga Oktoba 2011, wata Baturiyar Ingila mai suna Chrissie Wellington ta shiga ruwan tekun Kona, a tsibiran Hawaii na ƙasar Amurka, da ɗanyen rauni a ƙafa da kwatangwalo da gwiwar hannu. Mako biyu kafin ranar ta faɗi a kan kekenta wajen motsa jiki, fata ta saluɓe, kuma tsokar ƙirjinta ta yage har sai da aka kai ta asibiti ana saura 'yan kwanaki. Abin da ta zo karewa ba ƙarami ba ne, gama sau 12 ta shiga irin wannan doguwar gasa, sau 12 ta zo ta ɗaya.

Ita dai wannan gasa da ake kira Ironman wasa uku ne a jere, ba hutawa tsakani. Da fari a yi iyo na kilomita 3.8 cikin teku, daga fitowa a hau keke a yi kilomita 180, sa'an nan a sauka a yi gudun famfalaki na kilomita 42 da 'yan kai. An ƙago ta a Hawaii cikin 1978 da mutum 15 kacal, aka mayar da ita Kona cikin 1981, inda hanya ke ratsa baƙin dutsen aman wuta, ga zafi ga iska mai ture mahayi. Wanda ya wuce awa 17 bai gama ba, ba a lissafa shi.

Abin mamaki, Chrissie ba ta tashi cikin wannan sana'a ba. An haife ta cikin 1977, ta yi karatun labarin ƙasa a Jami'ar Birmingham, ta ƙara da ilmin raya ƙasa a Manchester, daga nan ta kama aiki a ma'aikatar kula da muhalli da abinci da karkara ta gwamnatin Ingila. Cikin 2004 ta tafi ƙasar Nepal aikin raya karkara, can ne ta saba da hawan keke a kan duwatsu, har ta taɓa tuƙawa daga Lhasa zuwa Kathmandu. Da ta ci gasar duniya ta 'yan sha'awa a Lausanne cikin 2006, sai ta ajiye aikin ofis a farkon 2007, tana da shekara 30, shekarun da waɗansu 'yan wasa ke fara tunanin ritaya. Cikin watan Agusta ta ci gasar Koriya, cikin Oktoba kuma ta je Kona karo na farko, galibin 'yan kallo ko sunanta ba su taɓa ji ba, ta cinye cikin awa 9 da minti 8.

Shekarar da ta biyo baya tayarta ta yi faci tana kan gaba, 'yan tukwanen iskar da ta zo da su kuma suka tsiyaye a banza. Doka ta hana ɗan kallo ya taimaki ɗan wasa, saboda haka ta tsaya gefen titi wajen minti goma, abokan karawa suna wuce ta ɗaya bayan ɗaya, sai wata 'yar Ostireliya, Rebekah Keat, ta miƙa mata tata tukunyar. Chrissie ta cika taya, ta kamo su duka, ta ba ta biyu ratar kusan minti 15. Cikin 2009 ta gama a awa 8 da minti 54 da daƙiƙa 2, ta goge bajintar da Paula Newby-Fraser ta kafa tun 1992. Rashin lafiya ya hana ta fitowa cikin 2010, Mirinda Carfrae ta ɗauke kambin.

To, wannan Mirinda ita ce ke jiranta a 2011, ga ta kuwa gwanar gudu ce ta gaske. Ciwon ƙirji ya sa Chrissie ta shafe fiye da awa guda cikin ruwa, abin da ba ta saba ba. A kan keke ma ba ta iya yin irin fintinkau ɗin da aka san ta da shi ba. Ko da ta sauka ita ce ta shida, Julie Dibens da ke gaba ta ba ta fiye da minti 20. Wadda kullum ake bi, ran nan ita ke bin waɗansu, ga kuma Mirinda tana tafe a bayanta tana rage tazara. Haka ta yi ta tsince su ɗai ɗai cikin tsakar rana, ciwon ƙafa ya fitar da Julie, ta wuce Caroline Steffen bayan an ci fiye da rabin hanya, ta isa layi a awa 8 da minti 55 da daƙiƙa 8. Ko minti uku ba a cika ba Mirinda ta iso. A cikin nasarorinta huɗu na Kona babu wadda ratarta ta kai wannan ƙanƙanta, amma masana wasan sun fi ambatonta, kuma da gaskiyarsu, don ran nan ne aka ga abin da za ta iya in jiki ya ƙi.

Daga wannan ba ta sake shiga doguwar gasa ba. Ta huta shekara guda, cikin Disamba 2012 ta ba da sanarwar ta daina, da gasa 13 da nasara 13. Bajintar duniya da ta kafa a garin Roth na Jamus cikin Yuli 2011, wato awa 8 da minti 18 da daƙiƙa 13, ta yi shekara 12 tana tsaye kafin Daniela Ryf ta ƙasar Suwizalan ta karya ta a wannan gari cikin 2023. Ta Kona kuwa shekara huɗu ta yi, Mirinda Carfrae ce ta goge ta cikin 2013.